Yadda Na Kai Gwaggo Kano Na Dawo da Ita

Tun ranar da na dawo daga Kano ba a bar ni na huta ba. In na zauna fada, tambaya. In na tsaya tasha, tambaya. Har mai gyaran taya na bakin kasuwa, wanda ko sallama ba ya amsawa sai ya ga dama, ya tare ni yana cewa, "Laminu, ina sabuwar motar da ka tafi sayowa?" To, bakina ya gaji da maimaitawa. Ga labarin nan sau ɗaya, wanda bai ji ba ya nemi wanda ya ji.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne, motar kuma tawa ce. A-kori-kura ce ƴar Japan, irin wadda kowa ke ja a nan Dakoro. Na saye ta hannun wani, wanda shi ma hannun wani ya saye ta, asalinta kuwa sai Allah. Da ita nake bin kasuwannin daji, in hau arewa da hatsi da wake, in sauko da bisashe da masu su. Mutanen tasha suka sa mata suna Gwaggo, saboda ta tsufa, ga saurin fushi, kuma ba ta tashi da safe sai an lallashe ta.

Ina sonta, kada a ce ban faɗa ba. Amma bana tura ta kai bango. Akwai wani dattijon Bafulatani, Ardo Buba, wanda rugarsa ke arewa da mu. Duk shekara, in sallar layya ta gabato, ni ke kwaso ragunansa da na danginsa zuwa kasuwar Dakoro, kuma wannan jigilar ita ke riƙe gidana har damina ta sauka. Ana saura ƴan makonni a fara jigilar, na ɗauko masa ƴan tumaki kaɗan, sai Gwaggo ta zauna a tsakiyar rairayi, rana tsaka, ta ƙi motsi. Kafin mu iso kasuwa ta watse, tunkiya guda kuma ba ta kai gari da rai ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Amma Ardo ba ya ɗaga murya. Ya gyara malafarsa kawai ya ce, "Laminu, ni da kai babu komai. Sai dai ragunan layya ba su san zumunci ba. In wannan ce za ta zo ɗaukarsu, faɗa mini tun yanzu in nemi wata."

Maganar nan ta hana ni cin tuwo. A cikin wannan halin wani ɗan kasuwar hatsi na Maraɗi ya haɗa ni da wani dillalin motoci a Kano, Alhaji Sabi'u. Ya aiko mini hotunan wata a-kori-kura ƴar Sin ta waya, fara fat, kusan sabuwa, ya ce zai karɓi tawa in yi ciko. Na ce shi ke nan, na gama da ƴan Japan, zan sauya iri kafin watan layya ya tsaya.

Na ce da Idi ya raka ni ya duba mini ita. Idi taubashina ne, ɗan kawuna, kuma shi ne makaniken Gwaggo tun ranar da ta shigo garin nan. Da na gaya masa sai ya dafe kai.

"Kai, taubashi, ba ka da imani! Gwaggo ce ta aurar mini da ɗiya biyu. In ka saida ta, da mi zan aurar da sauran?"

Na ce, "Ka nemi wani wawan."

Ya ce, "Irinka ba a samu sau biyu."

Haka muka kama hanya da sassafe, shi yana zuba, ni ina tuƙi. Abin haushi, tun daga Dakoro har muka wuce Ajekorya, muka wuce Kornaka, Gwaggo ko tari ba ta yi ba. Tana tafiya sumul kamar wadda aka fito da ita daga kanti jiya. Idi ya shafa gabanta ya ce, "Ta ji labari, wallahi. Ladabi take yi ko a fasa." Bai rufe baki ba, muna dab da Sabon Maci, ta yi jijjiga sau biyu ta mutu. Famfon mai ne ya tafi. Na sauka na shure tayarta har yatsana ya yi mini tsami, Idi kuwa yana dariya yana riƙe ciki.

A nan sai in yi wa baƙo bayani, don mu mun saba har ba mu ganin abin. Kowane direban daji na wajenmu yana da wani buhu a bayan kujera, cike da tarkacen kayan mota. Tunda duk iri ɗaya muke ja, abin da ya shiga tawa zai shiga taka. In ka tarar da ɗan'uwa a hanya ya buɗe bakin mota, ba ka wucewa, ko amarya ka ɗauko. Ka tsaya, ka zazzage buhu, in kana da abin da yake nema ka miƙa masa. Ba a ciniki, ba a rubutawa. Kalma ɗaya ce: "Riƙe har ka samu naka." Wani aron a mayar cikin mako, wani ya shekara, wani har mai shi ya fara furfura yana jikin motar wani, amma kowa ya san nasa.

Muna zaune ƙarƙashin wata adduwa muna cin ɗanwake da wata mata ta kawo daga cikin gari, mai zafi, ga mai ga yaji, sai ga Malam Garba, wani direban tasharmu, ya fito daga Maraɗi ɗauke da buhunan sukari. Ya faka ba tare da mun ɗaga hannu ba.

"Laminu, Gwaggo ta tsaya gaisuwa?"

"Ta tsaya, Malam. Famfo ne."

Ya jawo buhunsa ya lalubo famfo, ya hure shi ya miƙa wa Idi. "Riƙe har ka samu naka," in ji shi. Ya ci loma biyu a kwanonmu ya wuce. Ni kuwa hankalina na can kan farar motar Kano, ban kawo komai a raina ba.

A Maraɗi muka kwana gidan ɗan kasuwar da ya haɗa ni da Alhaji. Da safe muka yi takardun fitar da mota, muka canza sefa zuwa naira. Kai jama'a! Ɗan abin da na miƙa a hannu ɗaya, sai aka cika mini aljihu biyu har da na wando. Na fito ina taku ɗaiɗai kamar wani attajiri. Girman kan bai wuce wurin mai tsire na farko ba.

Iyaka ta Ɗan Isa muka bi. Ɓangarenmu babu wata wahala, ka ce "shef" ka miƙa takarda a buga. Can ɗaya ɓangaren "yallaɓai" ake cewa, kuma suna da son hira fiye da namu. An gama duba mu, an ɗaga sanda, na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Gwaggo ta tsaya daidai bakin sandar, ta tare motocin ƙasa biyu. Masu hon na yi, masu zagi na yi, ni gumi har cikin ido. Wani jami'i mai tumbi ya taso, na ce yau na shiga uku, sai na ga ya ajiye hularsa ya kafa kafaɗa ya shiga turi tare da Idi. Da ta tashi yana haki ya tambaya, "Wai wannan da ƙafarta ta zo daga Nijar?"

Idi ya ce, "Yallaɓai, rabi da ƙafarta, rabi da tamu."

Mutumin ya yi dariya har ya zauna bisa benci. Ni ban yi ba, kunya ce ta cika ni. A raina na ce yi na ƙarshe, tsohuwa, jibi war haka kina hannun wani.

An gargaɗe mu kada mu bi hanyar Jibiya in rana ta yi sanyi, don haka ba mu tsaya ba sai Katsina, inda muka yi salla muka sha ruwa. Daga nan har Kano ba ta sake yi mana komai ba.

Kano kuwa, gani ya kori ji. Ni da nake tuƙi a dajin da babu hanya, in bi sawun raƙumi in fita daidai rijiyar da nake so, sai ga ni a tsakiyar birni na rasa gabas da yamma. Adaidaita-sahu ta ko'ina, kamar fara ta sauka a gona. Wannan ya shigo ta dama, wancan ta hagu, wani ya gogi madubina ya juyo yana harara kamar ni na same shi. A wajenmu in ka yi hon gaisuwa ce, a ɗaga maka hannu. A can hon shi ne numfashi. Na leƙa na tambayi wani hanyar Fagge, ya dubi lambar motar ya ce, "A'a, mutanen Faransa, sannunku da zuwa!" Ya shiga gabanmu da babur har ƙofar masauki, ya ƙi karɓar ko sisi. Duk wanda ya ce muku Kanawa ba su da kirki, bai je ba.

Masaukin gidan wani fatoma ne da ke saukar mutanen arewa, babban ɗaki da tabarmi, kowa da jakarsa matashin kai. Sauro ya yi mana maraba irin tasa. Abinci dai ba laifi. Na ci gurasa da ƙuli da yaji har na nemi ƙari, na ci shinkafa da wake da suke kira garau-garau. Amma abu biyu na kasa yafe musu. Na farko fura. Na ce a ba ni fura, sai yarinya ta jefa ta cikin wani inji ya yi ƙara, ta zuba ƙanƙara da sukari ta miƙo mini a roba. Babu ƙwarya, babu ludayi, babu gudajin da haƙori zai taɓa. Na biyu shayi. Mai shayi ya cika mini wani ƙaton kofi da madara har baki, ya ɗora burodi a kai. Na ce, "Malam, shayi na ce, ba kunu ba." Allah ya taimaka Idi ba ya tafiya sai da ƴar butarsa da gawayi. Ya hura wuta a tsakar gida ya dafa mana namu, mai ɗaci, mai kumfa, a ƙananan kofuna.

Ƙanshin shayin ne ya jawo mana Malam Agali. Buzu ne daga wajen Tanut, dogo, mai sanyin magana, yana riƙe da wani ƙunshi a tsumma kamar jariri. Da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta washe.

"Ƴar Sin? Irinta nake da ita! Malam, saya, kada ka yi shawara. Ba ta shan mai, ba ta zafi, tana hawa tudun rairayi kamar tana sauka. Shekara uku ina janta, sau ɗaya tak ta lalace."

Na ji daɗi har na ƙara masa shayi. Na harari Idi na ce ka ji ko? Idi ya ce, "Malam, da ta lalace, kwana nawa ta yi kafin a gyara?"

Agali ya kwance ƙunshin ya nuna mana wani ɗan ƙarfe mai wayoyi, bai fi tafin hannu ba. "Ai wannan ce sau ɗayan," ya ce. "Tun bayan ƙaramar salla nake nan. An aika Legas, an ce yana hanya." Motar tana can gida an lulluɓe ta da tabarma saboda rana. Ya faɗi haka ba tare da ɓacin rai ba, ya naɗe abinsa, ya ci gaba da yabonta.

Maganarsa ta ɗan sosa ni, amma ni mutum ne mai taurin kai, duk Dakoro an sani. Na ce ƙaddarar Agali ta Agali ce. Sau ɗaya a shekara uku, ai ni Gwaggo sau uku take yi mini a mako ɗaya.

Washegari muka je filin Alhaji Sabi'u. Mutum ne mai fara'a, ɗan gajere, hularsa a karkace, waya biyu a hannu. Ya ba ni makulli ya ce in zagaya. Wayyo Allah! Na murɗa sau ɗaya ta tashi. Babu ƙara, babu hayaƙi, ƙofa na rufuwa ba sai an ɗaure da igiya ba. Ya danna wani abu, sanyi ya buso mini a fuska har na lumshe ido a kan titi. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu. Idi ya shiga ƙarƙashinta, ya fito, ya buɗe baki, ya saurari inji, ya daɗe yana neman aibi. Daga baya ya goge hannu ya ce, "Taubashi, tsakani da Allah, mota ce. Ban ga komai ba." Na tambayi Alhaji zancen kayan gyara, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce, "Ana samu, sai dai a aika Legas. Amma ba ta cika nema ba." Na ce na yarda. Saura kawai makanikensa ya duba tawa a yanke ciko.

Makaniken ya buɗe bakin Gwaggo ya tsaya yana kallo. Ya ce injin lafiya lau, irin wannan manoma ke nema ruwa a jallo, amma shi bai taɓa ganin mota mai kaya kala-kala haka ba, kowanne da fentinsa daban. Ya ƙwanƙwasa famfon mai ya ce wannan ba nata ba ne.

Idi ya ce, "Na Malam Garba ne, na shekaranjiya."

Ya taɓa dinamo, mai ba batir wuta.

"Na Ɗan Tambai ne, tun daminar bara."

Ya sunkuya ya nuna ƙarafan da ke ɗauke da nauyi a baya, biyu daga ciki jajaye. Idi ya faɗi mai su. Tun yana faɗi yana dariya, yana cewa in kowa ya zo ya cire nasa kujera da sitiyari kawai za a bar mini, har makaniken ya ɗora hannu kan radiyato, inda ruwa ke zama ya sanyaya inji. A nan Idi ya daina dariya. Ni ma ba sai an gaya mini ba.

Na Haruna ne, direba ɗan'uwanmu, Allah ya jiƙansa. Wata bazara radiyatona ya fashe can bayan rijiya ta ƙarshe, ga mata da yara a baya, ruwan shanmu ya kusa ƙarewa. Haruna ya iso, ya sauke lodinsa gaba ɗaya cikin rana don ya ciro wanda ya sayo wa kansa a ƙasan kaya, ya ɗaura mini da hannunsa. Shekarar da ta biyo ya rasu. Bayan an share makoki na je na sami ɗansa Sani, wanda ya gaji motar, na ce zan ciro in kawo. Yaron ya ce, "Baba Laminu, bar shi inda baba ya sa shi. Ranar da na buƙata na zo." Har yau bai buƙata ba.

Alhaji Sabi'u ya ji bayanin duka, ya ce ai abu ne mai sauƙi. A yi wa kowane ƙarfe kuɗi, in na koma in bi masu su in biya, kowa ya sayi sabo, har sun ci riba. Ya ce su haka suke yi. Kuma gaskiyarsa, babu cuta a ciki, na ma buɗe baki zan ce to. Sai na hango kaina na shiga tashar Dakoro, na tsaya gaban Malam Garba ina miƙa masa kuɗin famfo. Na san kallon da zai yi mini. Na hango Sani, in ce masa abin da babanka ya ɗaura da hannunsa na bar shi a Kano, ga kuɗinsa.

Kuma ba wannan kaɗai ba. Na juya na dubi farar motar, na tuna buhuna da ke bayan kujera. In na hau wannan, babu ƙarfe ɗaya a buhun kowa da zai shiga tawa, wannan na riga na sani tun daga bakin Agali, na kuma ce na ɗauka. Abin da ban lissafa ba shi ne nawa ma ba zai shiga ta kowa ba. In tarar da ɗan'uwa a daji ya buɗe bakin mota, ga mata da yara a rana, in tsaya cikin sanyina in sauke gilashi, ba ni da abin ba shi sai sannu. Wallahi wannan ya fi yi mini ciwo a kan zaman jiran Legas.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na ɓata maka lokaci. Ba ni da ikon sayar da ita."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Wato motar gari guda ka kawo mini! Ai sai ka taho da su duka a yi ciniki." Ya sa aka kawo mana lemo, ya kuma haɗa mu da wani amininsa a kasuwar Ƙofar Ruwa wanda ba ya sayar da jabu. Allah ya saka masa, mutumin kirki ne.

Muna fita Idi ya buɗe baki zai fara, na ce in ka ce uffan a Kano zan bar ka. Ya daure har bakin titi, sannan ya ce a hankali, "Ɗiyata ta uku ta gode."

Abin da na tanada don ciko, a Ƙofar Ruwa ya ƙare. Kano ta Dabo, ko da me ka zo an fi ka: duk abin da muke wahalar nema a gida, ga shi nan jibge har rufi. Muka sayi duk abin da ya gaji a jikinta, Idi ya kwance ta ƙarƙashin wata bishiya tare da makanikan wurin, suka yi kwanaki suna ɗaurawa. Ya ciro na mutane ya wanke da mai ya jera a kwali don a mayar. Da ya zo kan radiyato ya dube ni, na ce lafiyarsa lau? Ya ce lau. Na ce to bar shi. Na sayi wani sabo na sa a buhu, da sauran ƙananan abubuwa har buhun ya ƙi ɗauruwa. Ranar da za mu taso Agali yana nan zaune da ƙunshinsa, an ce masa gobe. Idi ya bar masa ragowar ganyen shayi da sukari.

Dawowa ba ta ba mu labari ba, faci ɗaya muka yi kusa da Maraɗi. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, don duk gyaran da aka yi, Gwaggo dai Gwaggo ce, kuma maganar Ardo tana nan inda ya ajiye ta. In ya ce a'a, ba ni da bakin yi masa musu, kuma ban san da me zan riƙe gida har damina ba. Na mayar wa Malam Garba famfonsa, ya jefa a buhu ko dubawa bai yi ba. Na huta kwana ɗaya na hau arewa ni kaɗai.

Na iske Ardo da hantsi a gindin wata ƙaya, shanu na shirin fita. Tun daga nesa ya gane ƙarar. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya dubi motar ya ce, "Ita ce dai."

Na ce, "Ita ce, Ardo."

Na kwashe labari na gaya masa tun daga fari, ban rage ba, har daɗin sanyin farar motar sai da na faɗa. Na ce an gyara ta iyakar gyara, amma ba zan rantse masa ba za ta sake tsayawa ba, don ƙarya ce. In ya nemi wata, ba zan riƙe shi a zuci ba.

Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Can ya ɗaga ta ya nuna wata jar saniya mai karyayyen ƙaho a gefen garke.

"Ka ga waccan? Ba tawa ba ce. Habbanaye ce." Ya ga ban gane sosai ba, ya ce, "A wajenmu, in kana son mutum, sai ka ɗaura masa karsana aro. Ya sha nononta, ta haifa masa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar maka da uwar. Ba a dukanta, ba a kai ta kasuwa. Shekarar da ciyawa ta ƙi, na sayar da nawa ɗaya bayan ɗaya don in saya wa waccan dusa. Matana sun ce na haukace." Ya yi murmushi. "Ban san ku masu ƙarfe kuna da wannan ba."

Ya miƙe ya zagaya Gwaggo a hankali, yadda yake zagaya saniya a kasuwa. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Ina na marigayin?"

Na buɗe na nuna masa. Ƙarfen da sauran zafi, amma ya ɗora tafinsa a kai ya bar shi. Ya yi wa Haruna addu'a, mutumin da bai taɓa gani ba, ya shafa. Ni dai na kau da kai ina kallon shanu, don idona ya cika kuma ba na son ya gani.

Ya rufe bakin motar da kansa, ya kira ƴaƴansa da Fulatanci, na ga sun nufi inda raguna suke suna ware manya.

"Jajibirin kasuwa ka zo da wuri," ya ce. "Ka taho da buhun. Ka taho da Idi."